Mubiru da Tsohuwar Bakin Tafki

Mubiru masunci ne a tafkin Nalubaale, kuma ɗan dangin Gaiwa. A wurinsu gaiwa 'yar'uwa ce ta jini, ba a kama ta, balle a ci. Shi kuwa ya ce wannan zancen tsofaffi ne. Ya kama, ya banda, ya ci a gaban baffanninsa yana dariya.

Ran nan bayan magariba yana tuƙo kwalekwalensa gida, sai wata tsohuwa a lulluɓe ta kira shi daga cikin ciyawar ruwa.

"Jikana, tsallaka da ni."

"Shigo, Jajja kakata. Kar dai ki kifar da mu, wandona ke nan ɗaya."

Ta zauna a bayansa. Warin laka ya cika jirgin. Jifa-jifa sai ya ji ta ɗaga kai ta haɗiyi iska.

"Sun yi daɗi?" ta tambaye shi.

"Su wa?"

"Ƙannenka."

Ya waiwayo, ruwa a cikin jirgin har ya kai masa idon sawu. Ta yaye mayafin. Ƙugiya ce maƙale a leɓenta, zaren kuwa ya riga ya naɗe wuyan hannunsa.

Ta ce, "Yau ni zan ja."