Jajayen Kifayen Malama Christabel

Sufeto Dalhatu ya kai lomar farko ta ɗanwake bakinsa ke nan, sai wata mata ta faɗo ofis tana haki, ɗankwali a hannu.

"Yallaɓai, an sace mini kifi!"

"Ɗanye ko soyayye?"

"Mai rai, Yallaɓai! Na ado, jajaye, guda uku. Tun suna kamar ƙwayar shinkafa nake renonsu. In ba su koma ruwansu ba yau, mutuwa za su yi."

Sunanta Christabel, malamar firamare. Da safen nan ta taso daga Palladan zuwa wani gidan haya a Samaru, a saman bene. Ta sa kifayen a bokiti ta ajiye a gindin matakala, aka hau da akwatin gilashin da suke zama a ciki. Da ta sauko, bokiti na nan, kifi babu.

Sufeto ya dubi ɗanwakensa da kewa, ya rufe kwano.

Suka fara da Sabon Gari, wurin Obi mai akori-kurar da ya kwaso kayan.

"Oga, ni ko kallon bokitin ban yi ba," in ji Obi.

"To wa ya sauke shi daga mota?"

Obi ya sosa ƙeya. "Ni ne. Amma ban taɓa kifi ba. Mutumin ɗakin ƙasa ne dai ya yi ta tambayata nauyin gilashin in an cika shi da ruwa. Na ce ya kai buhun masara biyu."

Mutumin ɗakin ƙasa shi ne Martins, tela. Sufeto ya same shi tsaye a ƙofa, idonsa na kan silin.

"Barci nake yi, Yallaɓai. Ban ma san an yi baƙuwa ba."

"A kan wannan gadon?"

Gadon kuwa yana waje a baranda, katifa jingine da bango.

"Iska nake sha," in ji Martins.

Kafin Sufeto ya sake tambaya sai ga ihu daga tsakar gida. Hajiya Fatsuma, mai gidan, ta saki igiyar guga ta ja da baya daga bakin rijiya.

"Innalillahi! Wani jan abu na gani yana yawo! Shekara da shekaru tarwaɗa ɗaya ce a ciki, maigidana Alhaji ne ya saka ta don ta cinye ƙwari."

"Tarwaɗa?" Christabel ta ɗora hannu a ka. "Za ta haɗiye mini su!"

Nan Sufeto ya cire hula, ya naɗe hannun riga. Christabel ta barbaɗa abincinsu a ruwan, shi kuma ya zura guga a hankali. Na farko ya shiga, na biyu ya biyo. Na ukun ya wahalar da hukuma ƙwarai, amma ya fito, jelarsa a ɗan gutsure. Christabel ta rungume bokitin tana dariya tana hawaye, Hajiya ta rangaɗa guɗa.

Sufeto ya juya ga Martins. "Mai barci, me ya jiƙa ƙafar wandonka?"

Martins ya durƙusa. "Ni ne, Yallaɓai. Ruwa mai nauyin buhu biyu daidai saitin kaina! Na ce in babu kifi ba za ta cika gilashin ba. Na kasa kashe su, sai na zuba su a rijiya yadda muke yi a ƙauyenmu. Ban san akwai tarwaɗa ba."

"Da ka hau ka yi mini magana, ai da na sauya masa kusurwa," in ji Christabel.

Ta haye sama, ba a jima ba ta leƙo ta taga. "Yallaɓai, duk ukun suna iyo!"

Sufeto ya tasa ƙeyar Martins zuwa mota. A bakin ƙofa telan ya tsaya.

"Yallaɓai, ɗakin da za ku ajiye ni, akwai bene a samansa?"

"Kwano ne kawai."

"To na gode wa Allah. Mu je."