Kwalbar Siro a Firigon Gidan Mu'azu

Da hantsi aka kira Insfekta Ramatou daga asibiti. Wata yarinya 'yar shekara biyu, Anisa, ta rasu bayan an ba ta maganin zazzaɓi.

Ta tarar da uwar, Zulaiha, zaune a ƙasa a gidansu na unguwar Talladjé. Dangin miji sun cika tsakar gida, ba mai yi mata gaisuwa. Surukarta sai faɗi take a kai ta komisariya a kulle.

"Cokali nawa kika ba ta?" in ji Ramatou.

"Ɗaya, madam."

"Wa ya sayo?"

"A firigo na gan shi, inda muke sanyaya ruwa. Na ɗauka babanta ne."

Ramatou ta buɗe kwalbar maganin ta shinshina. Yara biyu gare ta a gida, ta san ƙanshin siron zazzaɓi sarai. Wannan ƙanshin mangwaro yake.

Washegari likita ya tabbatar: ruwan da ake ɗura wa sigarin lantarki ne, nikotin ɗinsa ya fi ƙarfin babba, balle ƙaramar yarinya.

Mu'azu, uban yarinyar, direba ne, kwanansa huɗu a hanyar Maradi. Saura ƙanensa Nassirou da ke kwana a gidan, mai tebur kusa da wata lakwal, wato makaranta, a unguwar Bobiel.

"Ni caja da katin waya nake sayarwa," in ji shi. "Firigon matar yaya kuwa, me zai kai ni?"

Ramatou ta cire kaki, ta yafa mayafi, ta zauna wajen mai ƙosai daura da teburinsa. Da aka tashi lakwal, 'yan mata biyu suka tsaya.

"Nassirou, akwai siro?"

Ya duba hagu da dama, ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ramatou ta riƙe kwalin kafin ya rufe. Kwalaben maganin yara ne, goma sha ɗaya, cike da ruwan sigarin lantarki.

A komisariya bai ja da nisa ba.

"Masu bincike ne suke kwashe duk kayan da ba su da takarda. Kwalbar magani kuwa ba mai dubawa. Zafi na ɓata shi, shi ne na ɓoye ɗaya a firigon bayan gorunan ruwa."

"Kana tsaye ana cewa Zulaiha ta kashe 'yarta," in ji Ramatou.

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi.

Ramatou ta koma Talladjé da kanta, ta faɗi gaskiyar a gaban kowa. Ta durƙusa kusa da Zulaiha.

"Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa. Ba wanda zai taɓa ki."

Zulaiha ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ta ƙi sha, madam. Tana kuka tana kau da kai. Ni na toshe mata hanci har ta haɗiye."