Tafin Hannu a Tudun Gawayi

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Abdulsamad rahoto cewa an tsinci gawar Jethro, mai gadin daji, a bayan Kazage. Kafin ya isa, 'yan banga sun ɗaure wani makiyayi mai suna Hammadu, don an ga sandarsa kusa da gawar. Matasa sun yi cirko-cirko, suna cewa a miƙo musu shi.

Gawar tana gindin tudun gawayi, wato itacen da aka tara aka lulluɓe da ƙasa yana ci a hankali. Shekara guda ke nan da hukuma ta hana sana'ar saboda hayaƙin da ke ɗumama yanayi, amma ga kututturan maɗaci iya ganinka.

"Ranka ya daɗe, jingine sandar na yi jiya, na hau bishiya ina saro wa shanu ganye," in ji Hammadu. "Na sauko babu ita."

Sufeto ya zagaya tudun. Gefe guda ya burme wajen kokawa, amma an liƙe shi da ɗanyar laka. Ga shatin tafin hannun dama raɗau.

Ya kira Tasalla, tsohuwar da ta girma cikin sana'ar.

"Inna, me ya sa ake liƙewa?"

"In iska ta shiga, kafin la'asar ya zama toka. Mai shi, ko gidansa ke ci da wuta, sai ya tsaya ya toshe."

"Da hannu?"

Ta taɓe baki. "Da shebur ake yi, sai dai wanda ya saba a yi masa. Wannan ya sha ƙuna."

Sai ga Benson, shugaban kwamitin da aka ɗora wa tsare dokar, an sauke shi daga babur.

"Yallaɓai, rahotona ya nuna an daina gawayi a yankin nan. Aikin makiyaya ne."

"Yaushe rabonka da wurin nan?"

"Ya fi wata."

Sufeto ya miƙa masa hannu. Benson ya miƙo hagu.

"Da hagu ake gaisawa a garinku? Fito da damar daga aljihu."

Hannun ya fito naɗe da tsumma, yatsun duk sun saluɓe.

"Ruwan zafi ne..."

"To zo ka ɗora a kan shatin nan."

Benson ya dubi lakar, ya durƙushe. "Tudun nawa ne. Da asuba Jethro ya same ni, ya ce zai kai ƙarata Kaduna. Sandar tun jiya na tsince ta. Sau ɗaya na buga masa, wallahi."

"Ka bar mutum kwance, ka tsaya ceton gawayi," in ji Sufeto.

Aka sa masa ankwa. Sufeto da kansa ya kwance Hammadu, matasan kuwa suka sunkuyar da kai. Da za a wuce, Sufeto ya karɓi shebur ya ɓarke liƙin.

"Bari ya zama tokar," ya ce.