Hidimar Ramil a Gidan Tatay Berting

Ranar da Nelia ta dawo garinsu Bacolod daga karatu a Kanada, ba ta wuce gida ba. Ta sauka a gidan abincin mahaifinta, Tatay Berting, wato Baba Berting, inda ake gasa kaji tun kafin a haife ta. Ta zauna a teburin ƙarshe da akwatinta, ba wanda ya gane ta.

Wani dogon saurayi ya kawo mata cinyar kaza da shinkafa.

"Ga cokali, amma kazar nan da hannu ta fi daɗi."

"Wa ya ce maka ban iya ba?"

"Akwatin ne ya faɗa mini."

Ta ture cokalin, ta ci da hannu har ta siɗe yatsu. Da ta gama ta ajiye masa tukuici a ƙarƙashin faranti. Ya ɗauka, ya yi godiya, ya je ya jefa a wata babbar kwalba da ke kusa da mai karɓar kuɗi.

"Ai kai na ba."

"Na maigida ne tukuna. Daga ciki yake cika mana albashi."

Sai ga Manang Soling, tsohuwar mai girki, ta leƙo daga kicin ta rafka ihu. "Inday Nelia! Kai Ramil, 'yar maigida kake kai wa ƙarar maigida?"

Ramil ya sunkuyar da kai. Nelia ta yi dariya, ta kuma riƙe sunan.

Mahaifinta ya ɗora ta a kan harkar kuɗin shagon. Kullum da rana Ramil zai ajiye mata ruwan lemun tsami a gefen tebur, ya koma aikinsa. Wata guda yana haka kafin saƙonsa ya shigo wayarta.

"Inday, yau kin manta lemarki. Zan iya kawo miki, ko in riƙe ta don in sami dalilin yi miki magana gobe."

"Riƙe ta," ta amsa.

Kafin damina ta wuce ya daina kiranta Inday, yadda ake kiran kowace budurwa, ya koma Langga, wato masoyiya. Ita ba ta iya irin waɗannan kalmomi ba, sanyin ƙasar waje ya rage mata magana. Sai dai ta rubuta masa: "Ka ci abinci?" Shi kuma ya san abin da take nufi.

Ana nan aka ƙara mafi ƙarancin albashi a yankin. Ma'aikata suka taru a bayan kicin, suka ce a biya su cikakken albashi kamar yadda doka ta ce, tukuicin baƙi kuma a bar musu daban. Suka zaɓi Ramil ya je ya faɗa. A satin ne kuma Tatay Berting ya ji labarin soyayyarsu, shi da ya riga ya sa ido a kan ɗan wani mai gonar rake ya zama surukinsa.

Ya kira su duka biyu.

"'Yata kake so, kuɗina kake so. Akwai sauran abin da zan ƙara maka? Motar fa?"

"Nelia kaɗai nake nema wa kaina, Tatay. Ɗayar maganar ta mu duka ce."

"Kar ka kira ni Tatay tukuna. A zamaninmu mai neman aure hidima yake yi wa iyayen yarinya, ba a biyansa ko sisi. Ka yi mini hidima har a gama yankan rake, sannan mu yi magana."

"Na amince," in ji Ramil.

Nelia ta dubi mahaifinta. Ta gane tarkon. In wakilinsu ya koma aiki kyauta, wa zai sake buɗe baki ya nemi ƙari?

Kafin yamma labari ya kai kicin. Manang Soling ta dangwarar da tukunya. "Mun aiki ɗan aike, ya dawo da mata. Allah ya sa alheri, ango!"

Nelia ta rubuta masa: "In da haƙƙinsu za ka biya aurena, ba na so."

"Langga, hidima na ce na amince. Ban ce a ina ba. Gobe ki tashi da wuri."

Da sassafe ƙarar guduma ta tashe ta. Ramil na kan rufin gidan mahaifinta yana gyara kwanon da ke yoyo. Ya sauko ya share tsakar gida, ya wanke kejin zakarun tsohon, ya cika duro da ruwa. Sannan ya wanke hannu, ya sa rigar aiki, ya tafi shago ya kama aikinsa kamar kowa.

Tatay Berting ya tare shi a ƙofar shagon. "Ni a nan nake nufi."

"Hidima a gida ake yin ta, maigida. A gidanka zan ɗebi ruwa har in tsufa, ba ka da abin biyana. A nan kuwa ni ma'aikaci ne, ni da su Manang."

Tsohon ya juya ya shige ciki. Bai kore shi ba, bai kuma ƙara albashin ba.

Haka aka tafi makonni. Rufi ya daina yoyo, zakaru suka yi ƙiba. Wata safiya Nelia ta kai wa mahaifinta kofi a baranda, ta same shi yana kallon Ramil na sare reshen mangwaro.

"Kaji sun yi tsada, gawayi ya yi tsada," in ji tsohon. "Kina tsammanin mugunta ce?"

"A'a, Tatay. Mu ƙara kaɗan a kan kowane faranti. Wanda ya saba da kazarka ba zai gudu ba."

"In sun gudu fa?"

"Sai mu rage wani abin. Amma ba daga aljihun Manang ba."

Ya kurɓi kofi.

"Da nake neman mahaifiyarki, kakanki bai tsaya a ɗiban ruwa ba. A jirgin ruwansa ya sa ni, na yi masa kamun kifi kyauta, yana sayarwa. Na sami matar. Amma har ya mutu ban taɓa cin abinci da shi da daɗin rai ba." Ya ajiye kofin. "Kai, mai sare mini mangwaro! Sauko kafin ka faɗo a ce ni na kashe ka. Ka ce wa iyayenka su zo ranar Lahadi. Su kawo abinci mai kyau, ban da kaza."

Ranar biya ta gaba kowa ya karɓi cikakken albashinsa, tukuici kuma suka raba a tsakaninsu. Wasu masu ciniki sun yi gunaguni kan sabon farashi, kaɗan suka daina zuwa. Shagon bai rufe ba.

Bayan yankan rake aka ɗaura aure a coci. Manang Soling ce ta yi girkin biki, tana yi tana cewa ita dama ta san yaron ba zai ci amana ba.

Da aka fito, Ramil ya duƙa ya ɗauki hannun tsohon ya kai goshinsa, kamar yadda ake neman albarkar manya a garin. Tatay Berting ya bar hannun a nan, ya daɗe bai janye ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Yanzu kana iya kirana Tatay."

Nelia ta matso kusa da mijinta, ta riƙe hannunsa.

"Langga," ta ce a hankali, karon farko da kalmar ta fito daga bakinta.