Tabar da Aka Kunna wa Marigayi Phac

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Luyen rahoton cewa an fasa gidan marigayi Phac, mai zanen nan na tsohuwar unguwar Hanoi, an ɗauke zane guda.

Luyen ya ja tsaki. Ya san Phac, tsoho mai tari da ke ba da zane a ba shi kofin gahawa. Ba wanda ya ga darajarsa sai da ƙasa ta rufe masa ido. Yanzu kuwa kowane ɓarawo mai kwat cewa yake amininsa ne.

Thoa, 'yar marigayin, ta tarye shi idanu jajur.

"Fuskar Innarmu ce, Yallaɓai. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, zanen nan kaɗai muke da shi. Gobe take cika shekara talatin da rasuwa. Bango zan durƙusa wa?"

"Nawa zai yi a kasuwa?"

"Dong biliyan tara, in ji Quyen dillali. Sau huɗu ina korarsa da tsintsiya."

Luyen ya duba teburin kakanni, inda ake kunna wa mamatan gida turare, wanda a da zanen yake rataye a samansa. An ɓalle kwaɗon ƙofa, amma kaskon turare ko gezau, ƙurar gindinsa ma ba ta motsa ba. Cikin tokar akwai sababbin guntayen turare uku, an soke guntun taba mai zoben zinariya a kan ɗaya.

"Ke kika kunna wa Baba taba?"

"Abin da ya kashe shi? Tsinke ɗaya nake kunnawa da safe, in wuce kasuwa."

Ya naɗe guntun a takarda, ya nufi shagon Quyen.

"Ai Malam Phac uba ne a wurina," in ji dillalin, yana dafe ƙirji.

"Uban da ka sayi zanensa da kwanon taliya? Ina zanen?"

"Rabona da ganinsa tun bara."

Luyen ya jawo littafin gwanjon wata mai zuwa daga kan tebur. Ga fuskar matar a shafi na uku, an rubuta a ƙasa: daga hannun iyalin mai zanen.

"Wane ne iyalin?"

Quyen ya hau share gumi. Luyen bai matsa ba. Mutumin ba ya shan taba, kuma irinsa ko gawa zai tsallake ya ɗauki zane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'ya'yan Phac biyu ne kacal.

Ya sa kofur ya binciki ɗakin ajiyar Quyen, ya aika a kawo Bang, yayan Thoa mai sayar da motoci, gidan mahaifinsu.

"Shekara bakwai rabona da gidan nan," in ji Bang. "Ka tambayi wannan. Wataƙila ita ta sayar, take mana kukan ƙarya."

"Yaya, ni?" in ji Thoa.

"Ɗan ba ni taba," in ji Luyen.

Bang ya miƙo kwali. Luyen ya zaro kara ɗaya, ya ajiye shi kusa da guntun. Zoben zinariya iri ɗaya.

"Ɓarawon waje ba ya tsoron motsa kaskon turaren wani, ba ya kunna tsinke uku na neman izini. Balle ya san mamacin mashayin taba ne. Ka fasa kwaɗo kamar baƙo, ka yi gaisuwa kamar ɗa."

Ana haka kofur ya shigo rungume da zanen, daga ɗakin ajiyar Quyen. Bang ya kalle shi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni na ɗauka. Ka san ranar da ya zana shi? Inna tana kwance ba magani, ya sayar da kekena ya sayo fenti. Ya zauna yana zana ta tana mutuwa. Yanzu duniya na cewa gwani ne. Da ranta aka yi zanen nan, in ban ci kuɗinsa ba wa zai ci?"

Ran Luyen ya ɓaci, domin akwai gaskiya a maganar, ga shi kuma daga bakin ɓarawo ta fito.

"To me ya sa ka kunna masa taba?"

Bang ya sunkuyar da kai.

"Na hau kujera hannuna ya ƙi. Na kasa ɗauke masa mata a gabansa ban faɗa masa ba."

Kofur ya ɗaura masa ankwa. Thoa ta mayar da zanen mazauninsa, ta buɗe aljihun teburin, ta fito da tsinken turare guda bakwai ɗaure da jan zare.

"Kai ne ɗa namiji, Yaya, kai ke kunna na farko. Duk shekara ina ajiye maka naka, ina ce wa Inna aiki ne ya riƙe ka."

Ta karya su gida biyu, ta zuba a gabansa.

"Gobe zan faɗa mata gaskiya."

Luyen ya kama hannun Bang suka fita.