Ɗakin Gidan Hajiya Tambaya

"Ba mu ba budurwa ɗaki."

Mutumin bai bari Nasiha ta ƙarasa gaisuwa ba ya mai da ƙofarsa, ya bar ta tsaye cikin ranar Sakkwato. Tun safe ake yi mata haka. A Mabera an ce ɗaki sai mai aure, a Arkilla an ba ta farashin da ko gonar babanta ta Fakku ba za ta ɗauka ba.

Ta sami gurbi a makarantar koyon ungozomanci, karatun shekara biyu, amma ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika. Babanta Malam Ɗangiwa kuwa ya yanke magana tun a gida: in ba a sami gida mai dattijuwa a ciki ba, kuma wanda aljihunsa zai iya, ta dawo a manta da karatun. Yayanta Siddiƙ da aka haɗo su ya wuce kasuwa neman taki, ya ce ta kira shi in an dace.

Tana juyowa ta ga farar bas a bakin titi.

Mannir ne. Direban da ke jigila tsakanin Tambuwal da Sakkwato, wanda ya daɗe yana sonta, wanda babanta ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gida, wai direba gidansa tasha. Ya bar layinsa na lodi ya biyo ta.

"'Yar Fakku, kawo jakar," in ji shi. "Akwai gida guda Runjin Sambo. Ban yi maki alkawari ba."

Gidan tsohon gini ne, da zaure da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Mannir ya tsaya a waje da jaka, ita ta shiga. Hajiya Tambaya, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin ido, ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta leƙa zaure.

"Wancan da ka tsaye da jaka, mi sunanai?"

Nasiha ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ko gaban ƙawayenta ba ta taɓa iya kiransa ba, bare gaban sa'ar kakarta. Ta sunkuyar da kai ta ja hijabi ta rufe baki.

"Shi na... shi yak kawo ni."

Tsohuwa ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce a bari, ta gane, Allah shi yi wa iyayen da suka yi wannan tarbiyya albarka. Nan take ta buɗe mata ɗaki mai taga biyu da famfo a kusa, ta faɗi kuɗin da Nasiha ta zaci kunnenta ne bai ji daidai ba. Ta ce ita ba riba take nema ba, motsin mutum take so a gidan. Da Siddiƙ ya zo, daga zaure ya gaishe ta, ya ga dattijuwa, ya koma ya shaida wa Malam an dace.

Abin ya tsaya wa Nasiha a rai. Me tsohuwar ta gane? Gari guda ya ƙi ta, me ya sa nan ko tambayar iyayenta ba a yi ba?

Karatu ya kankama. Mannir kan tsaya ranar da ya shigo gari, ya miƙo gero ko ƙullin daddawa daga zaure, su yi 'yar magana a tsaye ya wuce. Nasiha ta lura duk zuwansa Hajiya na laɓe jikin darbejiya tana kallo, tana girgiza kai. Wata rana ta tambaye ta ko sun yi faɗa ne. Wata rana kuma ta ce sana'ar mota ba ta hana mutum shan ruwa a zaune ba.

Ran nan da hantsi sai ga ta da kwano a rufe. Gumba ce da wani jiƙo mai ƙamshin kanumfari, irin haɗin da ake yi wa matan aure.

"Shanye, ɗiyata. Maigidanki kullum bakin zaure kamar mai bin bashi. In kin sha wanga, da kanai za shi nemi wurin aje mota."

Kwanon ya kusa suɓuce mata.

Sai yanzu ta gane. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ita kuma ta kasa kiran nasa. Maƙwabciya ta ƙarasa mata sauran: Hajiya ta rantse ba ta ƙara ba 'yammata ɗaki tun da wasu suka mai da mata ƙofar gida dandalin samari.

Da ta gaya wa Mannir a waya, dariya ya yi har tana jin yaran tasha na tambayarsa lafiya. Da ya nutsu ya ce ta faɗa wa tsohuwar gaskiya yau.

"In ta kore ni fa? Ina nika zuwa?"

"Sanyin idona, ni ban iya cin girman da ba nawa ba."

Ta roƙe shi ya bari ta gama jarrabawar farko. Ya ce to, amma ba da son ransa ba.

Ba a kai ga jarrabawar ba Kamila ta zo. Ɗiyar baffan Mannir ce, wadda dangi suka daɗe suna yi masa sha'awarta, ita ma ta sa rai. Ta ce ziyara ta kawo. Tana cikin shan ruwa Hajiya ta leƙo ta ce wa Nasiha, matar direba, a kwashe shanya hadari ya taso. Kamila ta ajiye kofi a hankali, ta yi murmushi, ko la'asar ba ta jira ba.

Kafin mako ya zagayo, daga Kebbe har Fakku ana cewa ɗiyar Ɗangiwa na zaman aure a birni ba ɗaurin aure.

Malam ya iso da azahar, ko zama bai yi ba. Ya sa aka kira Mannir daga tasha. Nasiha ta durƙusa a zaure, ta faɗi komai yadda ya faru, har da kwanon gumba, har da shirun da ta yi bayan ta gane. Ta ce laifin shirun nata ne, shi tun ranar ya ce a faɗa.

Hajiya Tambaya ta daɗe tana kallon su.

"Ashe shi ya sa," ta ce. "Ni ko na yi ta tunanin wane irin miji na wanga. Malam, ni ka kwana ƙofar gidan ga, ni ka riƙe makulli. Yaron ga bai taɓa wuce inda kake tsaye ba. Amma rantsuwa nay yi, ba ni ba budurwa ɗaki."

Malam ya ce to Nasiha ta haɗa kayanta.

Nasiha ta ɗago, hawaye na zuba. Ta ce, "Baba, a Fakku mata nawa anka ɗora bisa babur da naƙuda? Ka bar ni in gama."



Hajiya ta ce rantsuwarta a kan haya take, ba a kan baƙunta ba. Yarinya za ta koma ɗakinta su kwana tare har ta rubuta jarrabawa. Daga nan kuma, ko Malam ya zo ya ɗauki ɗiyarsa, ko ya gyara abin da ya hana ta zama. Ta dubi Mannir ta ƙara da cewa ita dai ba ta ga abin ƙi ba.

Malam ya juya ya dubi Mannir kamar mai taya bijimi a kasuwa. Ya tambaye shi yaushe zai tashi zuwa Tambuwal. Mannir ya ce da an cika. Malam ya ce a ajiye masa gidan gaba.

Nasiha ta wuni da waya a hannu. Ta buɗe littafi ta rufe, ta kasa cin abinci. Me suke cewa a hanya? Ko babanta ya zaɓi gidan gaba ne don ya ci masa mutunci gaban fasinja? Hajiya ta ce ta ajiye wayar kafin ta narke.

Ana fitowa sallar magariba Mannir ya kira.

Ya ce tun daga Sakkwato Malam bai ce masa uffan ba. Idon Malam na kan hannun Mannir da kan titi. Ya ga ya ƙi wuce tirela a kan kwana duk da fasinja na zuga shi. Ya ga ya tsaya la'asar a Shagari. A Dogon Daji ya ga ya sauka ya ɗora wa wata tsohuwa buhunta a ka.

"Sai me?" in ji Nasiha.

"Da munka iso Tambuwal ya sauka, ya zagayo wajen tagata. Yac ce in turo manyana Fakku ran Juma'a. Yac ce kuma tayata ta baya ta ci, in canza ta kafin in ɗauki ɗiyatai."

Ta rufe fuska da hijabi tana dariya tana kuka.

An ɗaura aure bayan jarrabawa, wadda ta ci da kyau. Kamila ba ta zo ba, ta aiko da ciwon kai. Aka kai amarya Runjin Sambo, ɗaki mai taga biyu, kuɗin haya yadda yake.

Washegari Hajiya Tambaya ta fito da tsintsiya ta tarar da bas ta toshe mata ƙofa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya ta ce a gaya wa direba ya zo ya matsar da motarsa, ɗaliba za ta wuce makaranta.