Sunan Da Ke Kan Tikiti

"Hajiya, wannan tikitin ba naki ba ne."

Ikilima ta faɗa idonta na kan wayar da aka miƙo mata. Ba sai ta ɗago ba, ƙamshin turaren kaɗai ya gaya mata Nabilah ce tsaye a ƙofar tarago na uku.

Wata bakwai ke nan tana jiran wannan safiyar!

A nan tashar jirgin ƙasa ta Idu ta haɗu da Hafizu, ranar da ta riƙe hannun mahaifiyarsa ta kai ta har kujerarta. Soyayya ta yi nisa, har aka sa rana. Amma danginsa na Maitama, unguwar masu kuɗi, ba su ga abin so a jikin 'yar Lugbe mai duba tikiti ba. Nabilah, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, ta tura takardar ƙorafi ba suna, wai Ikilima na sayar da kujerun fasinja ta bayan fage. Aka dakatar da ita wata biyu. Bincike ya wanke ta tas, sai dai kafin nan Hafizu ya fasa auren ta saƙon waya.

Da ta dawo aiki, ita ta matsa wa Oga Friday, shugabansu, har aka kafa manyan allunan lambar tarago da Hausa da Turanci, kowane tarago da layinsa, kuma dole sunan tikiti ya dace da katin shaida. Tsofaffi suka daina yawo da kaya suna neman kujera. Kowa na sa mata albarka.

Ita kuwa ta san halin Nabilah: ba ta sayen tikiti da wuri, 'yan cuwa-cuwa take kira su sayar mata da mai sunan wani.

"Ke! Kin san ko ni wace ce?" Nabilah ta daka mata tsawa.

"Tikiti dai ya ce Lucia ce ke," Ikilima ta amsa da ƙarfi, yadda duk layin zai ji. "Yaushe aka canja miki suna?"

Dariya ta ɓarke a layin.

Hafizu ya matso daga baya riƙe da jakunkuna biyu. Kaduna za su, wajen sa ranarsa da Nabilah.

"Ikilima... don Allah ki rufa mana asiri. Ana jiranmu."

"Malam, naka tikitin lafiyarsa ƙalau. Kujera ta sha bakwai, gefen taga. Ita kuwa ofis za ta, ta faɗi wanda ya sayar mata."

Nabilah ta fizge wayarta.

"Matsiyaciya! Wallahi da na san za su mayar da ke, da na rubuta abin da ya fi wancan!"



Jakunkunan suka suɓuce daga hannun Hafizu.

"Nabilah... ke kika rubuta?"

Nan take jami'an tsaro biyu suka tasa ƙeyarta zuwa ofis.

Ya juyo wajen Ikilima, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Masoyiyata, ban sani ba... wallahi ban sani ba!"

"Ka tambaye ni? Ko sau ɗaya ka kira ka ce, Ikilima, gaskiya ne?"

"Ba zan hau jirgin nan ba sai kin yafe min."

"To ka matsa gefe, akwai mutane a bayanka."

Haka ta ci gaba da duba tikiti, murya ko rawa ba ta yi ba. Sai da jirgin ya tashi ta shige banɗakin ma'aikata, ta kulle ƙofa, ta toshe baki da mayafinta ta yi kuka mai isarta. Har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

An fasa sa ranar Kaduna. Sau huɗu Hafizu na zuwa Lugbe, na ƙarshen har da mahaifiyarsa. Ikilima ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata ruwa mai sanyi.

"'Yata, mun zalunce ki," tsohuwar ta ce. "Ki dawo mana."

"Na yafe miki, Mama."

"Shi fa?"

Ikilima ta dube shi ido cikin ido, karo na ƙarshe.

"Shi ya je ya nemi wadda zai iya tsaya mata."